Kwana Uku a Biyana, a Sawun Mutum na Uku

Na sauka Biyana, babban birnin Ostiriya, a tsakiyar watan Oktoba. Itatuwa sun fara zubar da ganye, iskar kuma tana da cizo fiye da ta hunturun Kano. Aiki ne ya kai ni, na kwana huɗu. Da aka kammala sai na ƙara kwana uku daga aljihuna, saboda wani buri da na daɗe ina riƙe da shi, wato in taka da ƙafata wuraren da aka ɗauki wani tsohon fim marar launi mai suna The Third Man, Mutum na Uku ke nan da Hausa, wanda ya fito a 1949.

Mai masaukina ƙanen wani abokina ne, ɗan Damagaram, yana karatun haɗa magunguna a birnin. Da na zayyana masa wuraren da nake son zuwa, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, mutanenmu in sun zo nan hedikwatar OPEC suke cewa a kai su, ko fadar sarakuna. Kai kuma kwata kake nema?" Na ce masa ya yi haƙuri ya raka ni, kafin mu gama zai gane cewa fim ɗin ya fi shafar karatunsa fiye da nawa aikin. A daren nan muka tafi wani gidan silima mai suna Burg Kino, wanda har yau yake nuna fim ɗin a kai a kai cikin mako. Muka zauna cikin baƙi daga ƙasashe daban-daban, aka kashe fitila.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, labarin a taƙaice shi ne: wani Ba'amurke marubucin littattafan kaboyi, Holly Martins, ya iso Biyana bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aljihunsa wayam, domin amininsa na ƙuruciya Harry Lime ya yi masa alkawarin aiki. Yana isowa aka ce masa mota ta buge Harry a ƙofar gidansa, yanzu ma ana kan binne shi. Abokan mamacin suka ce mutum biyu ne suka ɗauke shi daga kan titi. Maigadin gidan ya ce shi dai uku ya gani. Neman wannan na ukun ne ya kai Martins ga abin da bai so ji ba. Harry yana raye, wani ne aka sa a kabarinsa. Sana'arsa kuwa ita ce sato allurar fenisilin daga asibitocin soja, ya sirka ta, ya sayar a kasuwar bayan fage. Waɗanda aka yi wa allurar sun haɗa da masu raunuka, da mata masu haihuwa, da yara masu ciwon sanƙarau. Wasu suka mutu, wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada.

Da muka fito, mai masaukina bai ce uffan ba har muka kai tashar jirgi. Sai can ya ce, "Yaya, gobe ƙarfe nawa za mu fita?"

Washegari Juma'a. Muka yi salla a babban masallacin da ke gefen kogin Danube, wanda aka buɗe a 1979, sannan muka dawo tsakiyar gari muka fara daga otal ɗin Sacher, bayan gidan waƙe-waƙen gargajiyar Turawa da suke kira Opera. A nan marubucin labarin, Graham Greene, ɗan Ingila, ya sauka a watan Fabrairun 1948. A lokacin otal ɗin masaukin hafsoshin Birtaniya ne. Daga 1945 zuwa 1955 an raba Biyana gida huɗu tsakanin Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Sobiyet. Tsakiyar birnin kuwa ta haɗin gwiwa ce, kowace ƙasa tana riƙe ta wata guda, sojoji huɗu daga ƙasashe huɗu suna sintiri cikin mota ɗaya. Inda masu iko suka yi yawa, ɓarawo ba ya rasa inda zai ɓuya. Wanda ya yi laifi a wannan shiyya sai ya tsallaka waccan.

Furodusa Alexander Korda ne ya aiko Greene ya nemo labari a wannan birni. Abin da ya zo da shi daga gida jimla ɗaya ce da ya taɓa rubutawa a bayan ambulan, game da mutumin da ya hango wani yana tafiya cikin jama'a bayan ya halarci jana'izarsa. Sauran duk a nan ya tsince shi, a bakin jami'an leƙen asiri da 'yan jarida. Su suka ba shi labarin cinikin fenisilin ɗin jabu, su suka gaya masa cewa akwai 'yan sanda na musamman da ke sintiri a ƙarƙashin ƙasa, domin magudanan ruwan birnin ba su san iyakar shiyya ba. Wannan shi ne abu na farko da na koya a tafiyar. Mutumin bai zauna a ɗaki ya ƙago mugunta ba. Zuwa ya yi ya saurara.

Daga nan muka taka zuwa dandalin Josefsplatz, inda wani tsohon gidan masu sarauta mai suna Pallavicini yake, da gumakan mata huɗu a ƙofarsa. Shi ne gidan Harry a fim. Wanda ya fito a maigadi, Paul Hörbiger, babban jarumi ne a ƙasarsa, amma ba ya jin Ingilishi. Haddace sautin kalmomin ya yi, kamar yadda yaro ke haddace karatu kafin ya san fassara. Darakta Carol Reed ya cika fim ɗin da irin waɗannan 'yan wasa na Biyana da kuma fuskokin mutanen gari, ya bar su suna ta Jamusancinsu ba tare da an rubuta fassara a ƙasa ba, domin mai kallo ya ɗanɗani ruɗewar baƙon da ya faɗo garin da ba ya jin harshensa.

Muka jira magariba ta yi kafin mu nufi Schreyvogelgasse, wani ɗan lungu mai gangara daura da jami'a. Gida mai lamba 8 shi muke nema. Ƙofa ce kawai, ba allo, ba mai gadi, amma masana fim a duniya sun san ta. A nan ne, bayan an shafe kusan awa guda ana maganar Harry ba a gan shi ba, wata kyanwa ta zo tana shafar takalmin wani mutum da ke tsaye cikin duhu. Wata mata ta kunna fitila a tagar sama, haske ya faɗo kan fuskar Orson Welles, jarumin da ya fito a matsayin Harry, ya yi wani murmushi irin na yaron da aka kama da hannu cikin tukunya. Na tsaya a bakin ƙofar na ɗan jima. Kyanwar ma ba ɗaya ba ce, an yi ta canza su, kuma sai da aka shafa man kifin gwangwani a takalmin kafin ta yarda ta matso.

Welles kansa ya ba da wahala. David Selznick, furodusan Amurka da aka haɗa jari da shi, ya fi son a ba wani ɗan wasa mai suna Noël Coward matsayin, Reed ya tsaya kai da fata sai Welles. Aka fara ɗauka a ƙarshen Oktoban 1948, jarumin bai iso ba, yana can yana fafutukar neman kuɗin nasa fim ɗin, Othello. Saboda wannan buƙata ce ma ya zaɓi a biya shi dala 100,000 a dunƙule maimakon kaso cikin riba, zaɓin da ya jawo masa asara babba da fim ɗin ya karɓu. Reed bai zauna jiran gawon shanu ba. Ya sa wa mataimakinsa Guy Hamilton baƙar hula da babban kwat, aka cusa abin da zai faɗaɗa masa kafaɗa, aka haska fitila mai ƙarfi, ya yi ta gudu inuwarsa tana bin bango. Wannan ƙatuwar inuwa da ke tsere a lungunan Biyana, wadda ta zama tambarin fim ɗin, rashin zuwan jarumi ne ya haife ta. Hamilton daga baya shi ya ba da umarni a finafinan James Bond guda huɗu, har da Goldfinger na 1964.

Muna tafe ina duban duwatsun da aka shimfiɗa a titi. A bushe suke, ba wani ƙyalli. A fim kuwa suna walƙiya kamar bayan kifi. Sirrin shi ne 'yan kwana-kwana, waɗanda aka riƙa kira kowane dare su jiƙa titi kafin a kunna kyamara, domin jiƙaƙƙen dutse ya fi mayar da haske. Mai ɗaukar hoto Robert Krasker kuma ya riƙa karkata kyamara, gidaje suka fito kamar za su kife, don a nuna garin da komai nasa ya goce. Karkatar ta yi yawa har wani darakta abokin Reed, William Wyler, ya aiko masa da ma'aunin nan da magina ke ɗorawa kan bulo su ga ko gini ya miƙe. Duk da haka wannan aikin ne ya ci wa Krasker lambar yabo ta Oscar.

Muka ƙarasa dandalin Am Hof, inda Harry ya ɓace cikin wata 'yar rumfar manna talla mai ɓoyayyen tsani zuwa ƙarƙashin ƙasa. Na zagaya ban ga rumfa ba. Ashe tun asali babu ita a wurin, masu fim ne suka kafa ta, suka gama suka cire abarsu. Amma tarin ƙasa da rusassun gidajen da ake gani a fim ba wanda ya kafa su. Yaƙi ne ya yi wannan aikin. Gidan Opera ya ƙone a Maris na 1945, rufin babbar majami'ar Stephansdom ya bi shi a Afrilu. Reed ya tarar da birni mai rauni a buɗe, ya ɗauke shi yadda yake.

Ranar Asabar da hantsi muka isa Karlsplatz. A wani ɗan fili mai ciyawa, kusa da titin da motoci ke ta wucewa, akwai murfin ƙarfe a ƙasa wanda ke buɗewa fiffike-fiffike kamar fure. Hukumar kula da magudanan birnin ce take shirya wannan ziyara daga Mayu zuwa Oktoba, ma'aikatanta ne kuma 'yan rakiya. Aka ba kowa hular kwano mai tocila a goshi. Na yi bisimilla, na bi tsani mai murɗawa, mita 7 zuwa ƙasa.

Abin da ya fara tarbata ɗumi ne, sannan wari, sannan ƙara. Ruwa yana gudu cikin duhu da ruri, muryar ɗan rakiya tana dukan bango tana dawowa. Ginin na jan bulo ne da dutse, an lanƙwasa rufinsa kamar bakan gizo irin na tsofaffin sorayenmu. Ya bayyana mana cewa wannan sashe ana kiransa magudanar kwalara. A 1830 kogi ya yi ambaliya, ƙazanta ta shiga rijiyoyi, annobar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen 2,000. Daga nan hukuma ta gina manyan magudanai a gefe biyu na ƙaramin kogin Wien, wanda daga baya aka rufe wani sashensa da gini, yana gudana a ƙarƙashin gari. Yau tsawon magudanan Biyana ya kai kilomita 2,500. Ya kuma ba mu labarin talakawan da, wajen shekarar 1900, suke kwana a nan ciki, suna tsamo ƙashi da kitse daga ruwan suna sayar wa masu yin sabulu. A sama ana kiɗa ana rawa a fadoji, a ƙasa ɗan Adam yana neman abinci cikin najasa.

A wani babban ɗaki inda ruwa ke zubowa ta kan wata katanga, sai aka kashe fitilu aka haska mana ƙarshen fim ɗin a jikin bango, a daidai wurin da aka ɗauke shi. Ga Harry yana gudu, ga 'yan sanda cikin fararen kaya da dogayen takalma suna binsa, muryoyi suna fitowa daga kowane rami har ya rasa inda zai nufa. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan sanda ba 'yan wasa ba ne, ainihin masu sintirin magudanan ne aka ɗauko. Na ji tsigar jikina ta tashi. Ramin mugunta a gina shi gajere, in ji Hausawa. Hanyar da mugun yake bi ya tsere wa hukuma ita ce ta zame masa tarko.

A nan ma Welles bai daɗe ba. Da ya sauko ya shaƙi warin, sai ya ce shi ba zai yi aiki a wurin ba, yana tsoron ɗaukar cuta. Dole aka gina kwatankwacin magudanar a sutudiyon Shepperton kusa da Landan, a can aka ɗauki fuskarsa. Wanda ake hangowa daga nesa yana gudu cikin ruwan Biyana wani mahauci ne ɗan gari mai irin ƙirar jikinsa. Yatsun nan kuma da suka leƙo ta ramukan murfin ƙarfe suna neman iskar waje, a lokacin da Harry ya zo gargara, yatsun darakta Reed ne da kansa. Shi Reed ƙungiya uku ya kafa, ta rana, ta dare da ta ƙarƙashin ƙasa, kuma ya ce duk shi zai jagorance su. Yakan yi awa 20 a tsaye, yana shan ƙwayar hana barci, har aka gama aikin Biyana ranar 11 ga Disamba 1948, aka koma Ingila aka ƙarasa a Maris na 1949. Da na fito na shaƙi iskar sama, na ƙara girmama waɗanda sunansu ba ya fitowa da manyan baƙaƙe: masu riƙe fitila, masu jan waya cikin ruwan ƙazanta a tsakiyar sanyi, da mahaucin da ya ari rigar wani ya yi masa gudu.

Da yamma muka ratsa kasuwar Naschmarkt, inda Turkawa da Larabawa ke sayar da zaitun da dabino, muka shiga titin Pressgasse. A can akwai gidan tarihi da aka keɓe wa wannan fim shi kaɗai, wanda wasu masu kishinsa suka buɗe a 2005 da kuɗinsu. Akwai hotunan talla daga ƙasashe da dama, da takardun labarin da 'yan wasa suka riƙe, da wani majigi na 1936 da har yanzu yake aiki. Amma abin da jama'a suka fi taruwa a kansa wani ɗan akwatin katako ne mai tsirkiya da yawa, ana kwantar da shi a kan tebur a kaɗa da yatsu. Sunansa zita. Sautinsa yana tsakanin na molo da na gurmi, ga daɗi ga ban tausayi.

Mai shi, Anton Karas, makaɗin gidan shaye-shaye ne da ba wanda ya san shi a wajen unguwarsu. Reed ya ji kiɗansa a Biyana, ya ce ba ya son taron makaɗa irin na sauran finafinai, wannan akwati kaɗai ya isa. Ya ɗauke shi zuwa Landan, ya sauke shi a gidansa, ya yi makonni yana kallon fim yana tsara kiɗa, kewar gida tana damunsa. Da fim ya fito, kiɗan ya yi mako 11 yana kan gaba a kasuwar faifan Amurka a 1950. Karas ya zagaya duniya, ya dawo ya buɗe nasa wurin a unguwar Sievering, ya rasu a 1985. Fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1949, sannan a 1999 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta zaɓe shi a matsayin wanda ya fi kowane fim ɗin ƙasar a ƙarni na 20.

Ɗakunan ƙarshe na gidan ba na fim ba ne, na rayuwar lokacin ne. Ga katin rabon abinci, ga katin shaida mai harsuna huɗu da ake nunawa a kan iyakar shiyya, ga hotunan mata suna kwashe ɓaraguzai. A nan na fahimci abin da ya sa mutanen Biyana ba su yi murna da fim ɗin ba da aka nuna musu shi a 1950. Ba wanda yake son a nuna wa duniya tsiraicin gidansu. A Amurka ma Selznick ya yanke minti 11 don a rage wa jarumin aibi. Gaskiya ɗaci gare ta, kowa yana neman ya sirka ta da ruwa.

Ranar Lahadi muka tafi filin wasanni na Prater, inda wani ƙaton lilo mai kamar ƙafar keke yake juyawa. An gina shi a 1897, tsawonsa ya kusa mita 65. Da taragu 30 aka yi shi, ya ƙone a ƙarshen yaƙi, aka sake buɗe shi a 1947 da guda 15. A zamanin fim ɗin yana cikin shiyyar Rasha, shi ya sa Harry ya yarda ya sadu da abokinsa a nan, inda 'yan sandan Birtaniya ba su da iko. Muka shiga wani jan tarago mai kamar ɗakin katako, aka rufe, ya fara ɗagawa a hankali.

A cikin irin wannan tarago ne Martins ya tambayi Harry ko ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗanda ya cuta. Harry ya buɗe ƙofa ya nuna masa mutanen da ke ƙasa, sun zama ɗigo-ɗigo, ya tambaye shi ko zai ji wani tausayi in ɗaya daga cikin ɗigon nan ya daina motsi, in har za a ba shi fam 20,000 a kan kowane ɗaya. Da suka sauko ya ƙara da wata magana da Welles ya ƙirƙira da kansa, ba ta cikin rubutun Greene, cewa zubar da jini a Italiya ya haifi manyan masu fasaha, zaman lafiyar Suwizalan kuwa bai haifi komai ba sai agogo mai kukan tsuntsu. Maganar ta yi suna ƙwarai, alhali ko tushenta ba daidai ba ne, domin wannan agogo daga Jamus ya fito. Haka zancen mugu yake, ga zaƙi a kunne, ciki kuwa fanko.

Da muka kai ƙololuwa na leƙa ƙasa. Wallahi haka abin yake. Yara da iyayensu, masu sayar da alewa, tsofaffi a kan benci, duk sun zama kamar ƙwayar gero da aka watsa a faranti. A nan na gaya wa mai masaukina dalilin zuwana. Shekarun baya ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara huɗu, ya kamu da zazzaɓin cizon sauro. Aka sayo magani a wani kemis, aka ba shi yadda aka rubuta, kwana uku jiki sai ƙara zafi yake. Da aka kai shi asibiti, likita ya juya kwalin ya duba, ya ce wannan ba magani ba ne. Yaron bai kwana biyu ba ya cika. Allah Ya sa mai ceto ne. Wanda ya haɗa wannan ƙwaya bai san sunan yaron ba, bai ji kukan uwarsa ba. A wurinsa ɗigo ne.

Mai masaukina ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya ba ku haƙuri, Yaya. Mu ma abin ya taɓa mu." Ya tuna mini da 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, inda aka yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. Ni kuma na tuna yara 84 da suka mutu a Nijeriya tsakanin 2008 da 2009 bayan an ba su maganin haƙori mai guba. Na tuna marigayiya Dora Akunyili, wadda ta rasa 'yar'uwarta a 1988 saboda allurar ciwon sukari ta jabu, ta karɓi shugabancin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a 2001, 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta a Disambar 2003, harsashi ya ratsa ɗankwalinta. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ko dai jabu ne ko marar inganci. Harry Lime bai mutu a magudanar Biyana ba, kasuwa kawai ya canza.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda duniya ta ƙaunace shi. Mintocin da ya fito a fim kaɗan ne, amma shi ake tunawa. Har wasan rediyo aka yi masa a 1951, Welles yana fitowa a matsayinsa, an wanke shi ya zama ɗan damfara mai ban sha'awa. Baƙin da muka shiga taragon tare sai rera kiɗansa suke suna ɗaukar hoto. Reed ya san wannan haɗari, shi ya sa ya kai Martins asibitin yara. Bai nuna fuskar yaro ko ɗaya ba. Fuskar Martins kawai ya nuna yana bin gadaje da kallo, sai kuma wata 'yar tsana da aka jefar domin mai ita ya riga ya tafi. Wannan fitowa ce ta sa na biyo fim ɗin har garin da aka ɗauke shi.

Da la'asar muka hau jirgin cikin gari mai lamba 71 zuwa babbar maƙabartar birnin. Mutanen Biyana in suna so su ce wani ya rasu, sukan ce ya hau 71. An buɗe maƙabartar a 1874, kuma waɗanda ke kwance a cikinta sun kai miliyan 3, sun fi rayayyun birnin yawa. Muka fara zuwa sashen Musulmi muka yi musu addu'a, sannan muka nemi doguwar hanyar nan mai itatuwa a jere hagu da dama, inda fim ɗin ya ƙare.

Bayan an binne Harry a karo na biyu, Martins ya tsaya a gefen hanya yana jiran Anna, budurwar mamacin, wadda shi ma ya kamu da sonta. Alida Valli ce ta fito a matsayin. Ta taho daga nesa, kyamara ba ta motsa ba, ganye yana faɗuwa. Masu tarihin fim ɗin sun ruwaito cewa itatuwan sun riga sun kaɗe a lokacin, wasu ne aka ɗora a kan tsani suna sako ganyen daga buhu. Ta iso, ta wuce shi, ko kallo bai ishe ta ba. A rubutun Greene na farko tare suka tafi, hannunta cikin nasa. Ya yi gardama da Reed a kan haka, yana ganin 'yan kallo ba za su jure irin wannan ƙarshe ba. Reed ya ƙi. Daga baya Greene ya amsa a rubuce cewa darakta ne mai gaskiya. Na tsaya a kan hanyar, ganyen gaske yana sauka a kafaɗata, na ga hikimar abin. Labarin da yara suka mutu a cikinsa bai kamata ya ƙare da biki ba.

Na bar Biyana da darasi ɗaya. Duk dabarun da aka yi a bayan kyamara, inuwar aro, titin da aka jiƙa, rumfar da aka kafa, ganyen buhu, an yi su ne don a fito da wata gaskiya da marubuci ya je ya jiyo a bakin mutane, a garin da abin ya faru. Ina kira ga 'yan'uwana masu shirya finafinai a Kano, Kaduna da Jos: labarin nan yana ƙofar gidanku. Ku shiga kasuwar magani, ku zauna da likitocin yara, ku saurari iyayen da suka rasa 'ya'yansu, ku yi mana fim ɗin da mai sayar da jabu zai kalla ya kasa barci. Kai kuma mai karatu, in za ka sayi magani, ka saya a wurin da hukuma ta san da shi, ka duba lambar rajista da ranar da zai lalace, in ka ga abin da bai kwanta maka ba ka kai rahoto. Wanda kuma Allah Ya sa abincinsa a wannan sana'a, ya tuna cewa kowane kwali da ya miƙa, hannun wata uwa zai shiga, kuma akwai ranar da za a tambaye shi.